Ban Yafe Tafkin Gawo Ba

Zuwa ga Alhaji, mai babban rumbun ajiyar magani na bakin kwalta kafin a shiga Kura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali da ta kasuwa, ranka ya daɗe, ina fatan wannan takarda ta same ka a zaune, don doguwa ce, ni kuwa ba mai sauri ba ne. Ban rubuta sunanka ba, amma ba don tsoro ba. Duk wanda ya taɓa hawa motar Kura ya san rumbun da nake nufi, kai ma ka san kanka.

Ni ne Isiyaku na Unguwar Gawo, tsakanin Kura da Bunkure. Na riƙe sarautar Sarkin Ruwa shekara talatin da 'yan kai, har rani biyu da suka wuce aka warware mini rawani a gaban jama'a, aka ce ni na kashe tafkin da aka ba ni amana. Ba ni na kashe shi ba. Kayan rumbunka ne suka kashe shi. Sau uku ina zuwa ƙofarka maigadi yana ce mini kana Kano. A zuwa na huɗu na hango motarka a inuwar darbejiya, na ce da shi ashe Kano ta matso kusa, ya ce in yi haƙuri in tafi. Na tafi. Tun da ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai na ce bari a buga maganar inda kowa zai gani. Sunana nake nema a wurinka, Alhaji, kuma zan yi maka bayanin yadda aka yi ya faɗa hannunka.

Na ɗaya. Kai ɗan kasuwa ne, a cikin miya ka san kifi, don haka dole in fara daga ƙasa.

Tafkin Gawo ya girmi kanal, ya girmi kwalta. Kafin a kawo mana ruwan Tiga yakan janye da bazara har ya koma taɓo. Da aka haƙa kanal, rarar ruwan gonakin alkama da tumatir ta riƙa gangarowa ta magudana tana faɗawa cikinsa, ya zama ba ya ƙafewa. Aikin Sarkin Ruwa shi ne ɗaure tafki da kwance shi. In na ɗaure, ko ɗan dagaci bai isa ya jefa ƙugiya ba. In na kwance, a yi shela, a zo su, wato kamun kifi na gayya, daga ƙauyuka, kowa da homarsa da gorarsa.

Mutane da yawa sun zaci da laya nake sanin lokaci, ni kuma ban taɓa musa musu ba. Gaskiyar ita ce da farin kwanon sha nake sani, kamar yadda mahaifina ya koya mini. In rana ta ɗan ɗago sai in shiga ruwa zuwa gwiwa, in kamfato, in karkata kwanon wajen haske. A ciki akwai wasu 'yan halittu jajaye-jajaye, ba su kai ƙwayar gero ba, suna ta tsalle-tsalle kamar an watsa musu wuta. Mu a gidanmu tsakin ruwa muke ce musu, don yadda 'yan kaji suke rayuwa da tsaki haka 'ya'yan tarwaɗa da na karfasa suke rayuwa da su. Tare da su akwai talibambam, da 'ya'yan mazari masu rarrafe a gindin ciyawa, da jajayen tsutsotsin taɓo, da ƙwaron nan mai gudu a bisa ruwa ba tare da ya jiƙe ba. In kwano ya cika da motsi, na san kifi ya yi ƙwai kuma 'ya'yansa za su ƙoshi, sai in ɗaure. Wannan shi ne dukan asirin sarautar. Yau na tona shi a jarida, tun da ba ni da sauran abin ɓoyewa.

Na biyu. Ka san ciwon tsargiya ya yi mana yawa tun da ruwa ya zauna. Babu gidan da ba a taɓa fitsarin jini ba, manya da yara. Ma'aikatan lafiya sun zo sun gaya mana cewa katantanwar ruwa ce take ɗauke da cutar, suka tafi, suka bar mu da katantanwar.

Ana nan, a lokacin da sojoji suke bin rumbunan 'yan kasuwa suna fasa kwaɗo suna duba abin da aka ɓoye, sai ga mai kula da sitonka, Ɗanjuma, wanda ake kira Dakta alhali ko ƙurji bai taɓa matsewa ba. Ya zo ranar kasuwar Bunkure da hantsi, a cikin a-kori-kurarka fara, an lulluɓe bayanta da tamfol. Ya sauka ƙofar dagaci, ya zube ya yi gaisuwa, aka aika aka kira ni. Ya ce Alhaji ya ji halin da muke ciki, tausayi ya kama shi, ya aiko da magani a zuba wa tafki don katantanwa ta mutu, tsargiya ta ƙare. Ya ce sadaka ce, ba a son ko godiya. Na tuna kalmominsa sarai, don da ni yake: “Baba Sarki, abin da ya warkar da mutum ai ba zai cuci ruwa ba.”

To, ranka ya daɗe, a nan ne wautarmu take, kuma ba zan ɓoye ta ba. Mu mutanen karkara ne. Mun saba mu yi tafiyar rabin yini mu bi layi a ba mu ƙwaya shida a ƙunshin takarda, mu ɓoye a ƙarƙashin matashi kamar zinariya. A wurinmu abin da ya fito daga kwalin asibiti alheri ne tsantsa, in ya yi yawa alherin ne ya yi yawa. Yau ga mota guda an kawo mana har gida. Wa zai tsaya tambaya? Mata suka yi guɗa. Liman ya yi doguwar addu'a, da sunanka a ciki. Magidanta suka ɗauki kwalaye a ka, daga ƙofar dagaci har bakin tafki, ana rige-rige. Na ƙirga kwali ashirin da uku, ban da buhuna biyu na wani farin gari da Ɗanjuma ya ce na tsutsar cikin shanu ne. Akwai kafso ja da rawaya, akwai farar ƙwayar zazzaɓi mai ɗacin tsiya, akwai ruwan maganin tari da ya daskare a gindin kwalba, akwai 'yan kwalaben allura. Wasu kwalayen ɓera ya ci, wasu sun yi fumfuna.

Mutum ɗaya ne ya yi magana a garin nan, ita ce uwar 'ya'yana, Hajara. Na shiga gida in ɗauko rawani ta tare ni a tsakar gida, ta ce: “Malam, yaushe ka taɓa ganin mai kantin magani ya ba da ƙwaya ɗaya kyauta, balle ya ƙara da man mota?” Na ce da ita sha'anin ruwa ba na mata ba ne. Har yau in na yi tari sai ta tambaye ni ko a aika wa Dakta.

Al'adarmu ce ba a sa wa tafki komai sai Sarkin Ruwa ya fara. Saboda haka ni na fara. Da hannuna na dama na farke kwalin farko, na yi bisimilla, na juye. Ɗanjuma yana tsaye can nesa a kan tudu, yana nuna inda za a zuba da makullin mota, ko fallatsi bai yarda ya taɓa takalminsa ba. Da aka gama muka cika masa bayan motar da kwandunan tumatir da damin albasa, aka ɗaura zakara biyu a kai, aka ce a kai wa Alhaji. Ina fata miyar ta yi daɗi.

Na uku. Ga abin da idona ya gani, ba labari aka ba ni ba.

Kafin la'asar ruwan gefe ya koma rawaya, kumfa ta taru a bakin magudana. Na ɗanɗana, ɗaci ya riƙe mini harshe har magariba. Mutane suka ce alamar aiki ce. Washegari na shiga da kwanona. Tsakin ruwa na nan, amma tsallen ya canza. Maimakon su harba gaba, sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya kamar akuyar da ta ci rogo mai ɗaci. A rana ta uku na kamfato, na karkata, na jira. Babu abin da ya motsa. Suna kwance a gindin kwanon, jan ya koɗe, sun yi fari kamar dusa. Na zubar na matsa gaba na sake kamfata. Sai da na zagaye tafkin nan kaf, har inda ruwa ya kai mini ƙirji, kwano bayan kwano, duk abu ɗaya.

Talibambam suka taso ciki sama, suka yi layi a bakin ruwa har yara suna kwasa da tafi. Waɗanda suka rayu suka fito a karkace, wani wutsiya a murɗe, wani ya yi ƙafa ɗaya ya tsaya nan. Na kwaɓe taɓo ban ga jar tsutsa ko ɗaya ba. Ƙwaron da yake gudu a bisa ruwa ya ɓace. Da damina ta faɗi, tafkin da kukan kwaɗinsa yake hana baƙo barci ya yi tsit, har wani baƙon Hajara ya yaba mana da cewa garinmu akwai natsuwa.

Katantanwa fa, wadda dominta aka yi duk wannan? Ta hau kan ciyawa ta rufe bakinta ta jira. Da ɗacin ya lafa ta sauko. Ruwan ya koma kore shar da gansakuka, tun da masu cinye ta sun mutu, ita kuwa katantanwa abincinta ke nan. Ta hayayyafa fiye da dā. Sauro ma ya samu gari babu mai tsare shi, don 'ya'yan mazari da suke cin tsutsarsa babu su. Wato abin da muka so ya mutu shi ya yi ƙiba, abin da muke rayuwa da shi ya tafi.

Manyan kifi ba su mutu nan take ba, kuma wannan ne ya rufe wa mutane ido. Wasu sun bi magudana sun gudu, wasu sun zauna sun yi ƙwai kamar kullum. Ƙwan ya ƙyanƙyashe. Na riƙa ganin 'ya'yan a kwanona, kai babba, jiki kamar zare, suna buɗe baki a ruwan da babu komai a cikinsa. Yunwa ce ta kashe su, Alhaji, a tsakiyar tafki cike da ruwa. Na je na gaya wa dagaci a fasa yin su a bana, tafki ba shi da lafiya. Ya ce an riga an gayyato mutane, kuma tafkin da ya sha magani mota guda ba shi da bakin cewa ba shi da lafiya.

Na huɗu. Ranar su ta zo. An zo daga Kura, an zo daga Bunkure, har da masu banda daga Dawakin Kudu da manyan kwandunansu. Makaɗa suka yi ta yi mini kirari. Na tsaya a gindin gawo da rawanina, na san abin da ke ciki, na ɗaga hannu na kwance ruwa. Mutane suka faɗa da ihu. Aka yi ta tsoma homa ana ɗagawa. Ihun ya riƙa raguwa, har kiɗan ma ya mutu a hannun makaɗa. Tarwaɗar da aka kama a yinin nan ba ta cika kwando biyu ba, su ma ramammu. Wani mutumin Bunkure ya ɗaga homarsa cike da 'yan kwalaben allura, ya karkaɗa su suna ƙara, ya ce a zo a saya, kamun Sarkin Kwalba ne. Aka fashe da dariya. Sunan ya zauna. Yau in na ratsa kasuwa, masu tallan da na haifi iyayensu da shi suke kirana, ƙasa-ƙasa, yadda zan ji amma ba zan iya cewa da wa na ji ba.

Dagaci ya ji kunya a gaban baƙi, kuma kunyar mai sarauta sai ta sauka a kan wani. Ya aika a tambayi Ɗanjuma. Ɗanjuma ya aiko da amsa cewa maganinsu mai kyau ne, an sha shi a asibitoci ba wanda ya mutu, sai dai a binciki tsohon, don ana raɗe-raɗin wasu masu tsaron ruwa suna zuba maganin feshin tumatir su kwashe kifi su sayar wa masu banda a ɓoye. Bai ce ni ba. Ya dai ajiye maganar a inda za a tsinta, aka kuwa tsinta.

Na daɗe ina mamakin yadda mutanen da suka ga komai da idonsu suka yarda da wannan. Daga baya na gane. In aka ce maganin ne, to duk wanda ya ɗauki kwali a ka yana da hannu, da liman da ya yi addu'a, da dagacin da ya yi godiya. In aka ce Isiyaku ne, mutum ɗaya ne, tsoho, kuma an ga lokacin da ya fara zubawa. Aka tara jama'a a ƙofar fada bayan sallar Juma'a, aka sa wani bafade da na koya wa iyo ya warware mini rawani. Ni na taya shi nemo bakin rawanin, don kar a daɗe ana tsaye a rana.

Sarautar nan kakana ya riƙe ta, mahaifina ya riƙe ta. An ce daga kaina ta bar gidanmu. Har yau ba a naɗa kowa ba, don babu mai son sarautar tafkin da babu kifi.

Na biyar. Ina da suruki, Malam Habibu, mijin 'yata ta uku, malamin kimiyya ne a wata makaranta wajen Dawakin Kudu. Da aka yi hutu ya zo gaishe ni, na ba shi labari, na fito masa da kwalabe da fatun kwalayen da na tsince daga tafki na adana a tulu. Ya juya su ya karanta, ya ce: “Baba, waɗannan ai sun daɗe da mutuwa. Ga wa'adinsu a rubuce, tun zamanin farar hula ya wuce.” Ya ce doka ba ta yarda a ajiye irinsu a rumbu ba, balle a sayar, kuma wanda sojoji suka samu da su ya san sauran. A nan na gane tausayin da ya kama ka, da dalilin da ya sa ya kama ka a wannan makon ba wani ba. Ƙonawa tana hayaƙi, binnewa tana son lebura masu baki. Mu kuwa mun yi dakon kyauta, mun haɗa da zakara.

Bayan mako guda ya komo da wata na'ura mai ido ɗaya wadda take ƙara girman abu. Muka je wani kududdufi can gaba da gonakin shinkafa inda kayanka ba su kai ba, na kamfato tsakin ruwa masu rai. Ya ɗiga ɗaya a kan gilashi ya ce in leƙa. Alhaji, shekara sittin ina kallon halittun nan ban san suna da fuska ba. Ga ido baƙi ƙirin, ga 'yan hannuwa suna iyo, jikin garau kana hango cikinsa. A bayanta ga ƙwai tana goye da su. Sannan ga wani ɗan abu yana bugawa da sauri ba ya tsayawa. Na ce mene ne wannan? Ya ce zuciya ce. Na ɗago na dube shi, na koma na sake leƙawa.

Sai ya fasa ɗaya daga cikin kwalabenka da ba ta fashe ba, ya tsoma tsinke, ya taɓa gefen ɗigon ruwan. Ina kallo bugun ya rikice, ya yi sauri, ya yi sanyi, ya tsaya ya ci gaba, kamar tsoho yana hawan tudu. Daga nan ya tsaya bai ƙara ba. Ƙwan suna nan a bayanta. Bakin tsinke ke nan. Kai ka aiko da mota.

Habibu ya ce an yi magani ne don ya yi aiki a jikin mai rai, kuma bai san bambancin mutum da ƙwaro ba. Abin da babban mutum zai haɗiya ya tashi, shi zai kashe dubun waɗannan. Ya ce ba ya ɓacewa don an jefa shi a ruwa, yana kwanciya a taɓo, yana tasowa a hankali. Na ce to yaushe tafkin zai warke? Ya ce bai sani ba. Na ji daɗin wannan amsa, don rabona da jin mai ilimi ya ce bai sani ba an daɗe.

Na kai wa dagaci wannan bayani. Ya saurara, ya ce suruki ai ba ya zama shaida.

Na shida, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya wani mutum ya yi sallama a ƙofata da ƙwaryar goro da kwalin sukari da turmin shadda. Ya ce daga Alhaji. Ya ce bana za ka sauke farali, kai da Ɗanjuma da ka biya wa kujera, kuna bin mutane kuna neman gafara kamar yadda maniyyata suke yi, kuma an ce a ce da Baba Isiyaku in akwai wani abu da ya taɓa shiga tsakani, a yafi juna. Wani abu. In akwai. Na ba shi ruwa ya sha, don baƙo ne kuma ba shi ya yi mini ba. Na sa ya mayar da kayan kan babur ɗinsa da hannunsa. Hajara ta so a riƙe sukarin, na ce a'a.

Ashe ka san da ni. Ashe ka san ƙofar gidana, ka san akwai abin da za a yafe. To ga amsata, kuma na fi so ka same ta a nan, inda abokan cinikinka da waɗanda za ku hau jirgi tare za su karanta.

Ban yafe ba. A gaban jama'a aka tozarta ni, ba za a wanke ni a zaure da ƙwaryar goro ba.

Ga abin da nake nema. Ka zo Unguwar Gawo da ƙafarka ranar Juma'a, kafin jirginku ya tashi, kai da Ɗanjuma. Ku tsaya a ƙofar fada bayan an sallame, a daidai inda aka tsayar da ni. Ɗanjuma ya faɗa da bakinsa, da ƙarfi yadda na bayan sahu zai ji, cewa ruɓaɓɓen magani ya kawo, ya san ruɓaɓɓe ne, kuma ƙarya ya yi mini. Kai kuma ka ce kai ka aiko shi. Ba na son a ce kuskure ne, don mai kuskure ba ya tsayawa a kan tudu yana kare takalminsa.

Bayan haka ku tuɓe manyan riguna ku shiga tafkin. Ba lebura za ka aiko ba. Ku biyu, da kwando, ku tsince kwalabenku daga cikin taɓo har sai na ce ya isa, ni kuma ina zaune a gindin gawo, kuma na riga na gaya maka ba ni da sauri. Katantanwar da kuka yi wa kiwo tana nan tana jiran baƙi. In kuka kwaso abin da muke fama da shi, kuna da rumbu guda na magani, sai dai ku duba wa'adin kafin ku sha.

Sannan ka sa a kwashe taɓon bakin magudana a kai shi inda ba ruwa, a bar Habibu ya nuna wurin. Ka kuma faɗi sauran wuraren da motar nan ta je a makon, don ban yarda mu kaɗai muka ci wannan sadaka ba.

Rawani ba a hannunka yake ba, ban roƙe ka shi ba. In gaskiya ta fito, dagaci ya san hanyar gidana, kuma shi ma akwai abin da zai ji daga bakina. Mutanen garinmu da suka ɗauki kwali a ka sannan suka yi shiru, su ma su karanta, ko a karanta musu. Na san kowa da kwalin da ya ɗauka.

In ka ƙi, ba zan kai ka gaban soja ba, ko da yake tulun yana nan kuma na san ofishinsu. Bulalar soja kwana nawa ce ta warke? Na fi son ka tafi da abin a wuyanka. Ka yi ɗawafi da shi, ka tsaya a Arfa da shi, duk inda ka ɗaga hannu ka tuna akwai wani tsoho a bakin kanal da ya ce a'a. Na kuma tara 'ya'yana na yi musu wasiyya: in na riga ka tafiya, ka zo gaisuwa kana neman a yafe a madadina, su ba ka tabarma, su ba ka ruwa, su ce Baba bai bar mana wannan izini ba. Haƙƙina ke nan, wanda nake da iko da shi. Na halittun da suka mutu a ruwan kuwa ba ni da ikon yafe shi ko da na so. Wanda ya yi musu zuciya ya san adadinsu, kuma ranar da za a tambaya ni shaida ne, har da hannuna na dama da ya fara zubawa.

Ina roƙon Allah ya ba ka tsawon rai, Alhaji, da ƙoshin lafiya, da cikakken hankali, don kar ka manta da komai. Allah ya hana ka barci mai daɗi har sai ka yi abin da ya dace, in ka yi kuma ya karɓi aikinka, ya kai ka lafiya ya komo da kai lafiya. Allah ya tsare 'ya'yanka daga shan abin da ka shayar da tafkinmu. Juma'a uku suka rage kafin a fara jigilar alhazai. Ina sallah a sahun gaba, wajen dama, ba za ka sha wahalar nemana ba.

Wassalam.

Isiyaku, tuɓaɓɓen Sarkin Ruwan Unguwar Gawo.